Dillali yace in kashe miliyan 6 a gyara kafin in sayar da gidana, in yi ko kar in yi?

Ga saƙon da wani bawan Allah ya turo, na ɗan rage tsawonsa:

"Assalamu alaikum Malam. Dan Allah shawara nake nema. Ina da gida a Rijiyar Zaki, ɗan ciki kaɗan ba bakin titi ba, ɗaki huɗu da falo biyu, tun 2009 na gina shi. Yanzu na yi ritaya, yara sun fara kama gabansu, ina so in sayar in sayi ƙarami ragowar kuɗin in ja jari. Na kira dillali ya zo ya zagaya yace a yadda gidan yake ba zai wuce miliyan 35 ba, amma in na yi POP na sa sabon tayil da intalok a tsakar gida na canza get na yi fenti, zai sayar min a 50, kuma yana da ma'aikatansa da za su yi aikin duka a miliyan 6. Wani dillalin kuma yace kar in taɓa komai in sa shi a kasuwa haka. Ni bani da miliyan 6, maiɗakina ce tace za ta sayar da gwal ɗinta a yi. Takardar da ke hannuna ta ciniki ce wadda mai unguwa ya sa wa hannu lokacin da na sayi filin. Akwai ɗaki ɗaya da yake yoyo da damina, bangon baya kuma yana jan ruwa. Ruwan sha daga 'yan garuwa muke saye. Ya zan yi?"

Wa'alaikumus salam Alhaji, Allah ya sanya albarka a ritayar, ya sa hutu ne.

Kafin mu je ko'ina, gwal ɗin Hajiya a bar shi inda yake tukuna. Ban ce har abada ba, amma ba a kan maganar mutum ɗaya da ya shigo ya leƙa ɗakuna ya fita ba. Zan dawo kansa.

Ni bana cikin masu cewa duk dillalai macuta ne, akwai mutanen kirki sosai a cikinsu, kuma gaskiya babu wanda ya san farashin unguwa kamarsu, su suka san gidan wane nawa aka sallama shi, wa ya saya, me ya sa na jikinsa ya shekara biyu a kasuwa ko tayi babu. Wannan sanin kana bukatarsa, dan haka tuntuɓarsu da ka yi daidai ne. Sai dai ka gane lissafin dillali daban naka daban. Mu ɗauka la'adarsa kashi 5 cikin 100 ce kamar yadda aka fi yi. In an sayar a 35 ya tashi da miliyan 1 da dubu 750. In an sayar a 50 ya tashi da miliyan 2 da rabi. To in kuma ka zuba miliyan 6 ɗin nan, aka gama aiki, gida ya shiga kasuwa ya tsaya a 39 fa? Shi la'adarsa ta ƙaru da dubu 200, kai kuma in ka cire kuɗin gyara 33 ce a hannunka, wato ka sha wahalar aiki da ƙura da surutun ma'aikata dan ka rage wa kanka miliyan 2. Ko ta ina aka juya shi baya faɗuwa, sisinsa bai shiga ba. Sannan wannan magana ta "ina da ma'aikatana", kai ma ka san ba dan Allah kawai ake kawo wa birkila da mai POP aiki ba, akwai ihsanin da ke komawa. Ba laifi bane a karan kansa, amma mutumin da zai ci a gyara ya kuma ci a sayarwa, shawararsa kan a yi gyara sai an tace ta.

Na biyun ma da yace kar ka taɓa komai, kar ka ɗauka waliyyi ne. Wataƙila gaskiya ya faɗa maka, wataƙila kuma sauri yake ya karɓi la'ada, ko yana da wani Alhajin a gefe mai sayen gidajen da suka ɗan ji jiki da araha ya gyara ya sayar. Irin wannan kasuwanci ne da mutane da yawa ke yi a Kano kuma dillalai ke nemo musu kaya.

Abin da zan so ka yi, ka koma wajen na farkon cikin raha ba da faɗa ba, kace masa Malam wane na ji shawararka, nuna min gida uku a unguwar nan masu girman nawa, a lungu irin nawa, da aka sayar a miliyan 50 cikin shekarar nan. Ka jaddada masa waɗanda aka sayar aka biya aka ba da mukulli, ba waɗanda ake nema a saya ba, dan kuɗin da mai gida ya sa wa gidansa a WhatsApp buri ne kawai. In ya nuna maka ka je da ƙafarka ka gani, ka tambayi mai unguwa tunda yawancin cinikin ta gabansa yake wucewa, ka tambayi masu zama a majalisar bakin layi, ba abin da ke ɓuya a unguwa. Sannan ka ƙara masa da cewa to in na kashe kuɗin nan bai kai 50 ba, ka yarda mu rubuta ka yafe la'adarka? Amsar da zai baka, da yadda fuskarsa za ta yi, sun isa su gaya maka ko shi kansa ya yarda da hamsin ɗin.

Kuma kar ka tsaya a biyu. Ka kira wasu biyu ko uku waɗanda ba ofishinsu ɗaya ba, ba kuma a rana ɗaya ba, kar ka faɗa wa kowa abin da wani yace. Kowanne ka masa tambaya iri ɗaya: nawa a yadda yake yau, wane irin mutum ne zai saye shi, wane abu ɗaya ne in na gyara zai fi tasiri. Inda bakinsu ya haɗu ba tare da sun haɗa baki ba, nan gaskiyar take. In kana da hali ka ƙara da mai ƙiyasin darajar gidaje mai rijista, irin 'yan ƙungiyar NIESV, akwai ofisoshinsu a Kano, za ka biya shi kuɗin aikinsa ya auna ya rubuta maka rahoto, shi baya jiran sai an sayar kafin ya ci. Irin rahotonsu ne bankuna ke karɓa. Kuɗin ba zai kama ƙafar miliyan 6 ba.

Tambayar nan ta wa zai saya, ita ce mutane ke tsallakewa kuma ita ce komai. Rijiyar Zaki kusa take da sabon mazaunin jami'ar Bayero, akwai masu kuɗin da ke neman gida a yankin dan su yayyanka shi ɗaki da banɗaki su zuba ɗalibai da ma'aikata haya. Irin wannan in ya sayi gidanka, sati na farko zai sa a fasa bangon falo, POP ɗin da Hajiya ta sayar da sarƙarta aka yi yana cikin baro za a fitar da shi. Akwai wanda filin kawai yake so, ginin 2009 bai dame shi ba rushewa zai yi ya ɗora bene, shi ƙafa nawa ne tsawo ƙafa nawa faɗi kawai yake tambaya. Sai mai iyali da yake so ya tare. Shi kaɗai ne gyaranka zai iya burgewa, shi ɗin ma in ka lura matarsa tana da kalar tayil ɗin da take so a ranta, ka sa ruwan toka tace ita mai ruwan madara take so, kuɗin da ka kashe ya zama abin da za su biya a ɓamɓare. Shi ya sa da yawan masu saye sun fi son a rage musu kuɗi su yi gyaran da kansu.

Ka taɓa tsayawa ka kalli yadda masu saye na gaske ke duba gida? Maigidan tun daga bakin titi yake lissafi, motarsa za ta shiga lungun nan, in ta shiga za ta iya juyawa, ina kwatar layin ta nufa, ina tiransifoma. Kafin ya shigo ma ya tsaya wajen mai shagon kusa ya sayi ruwan leda ya tambaye shi ya layin nan yake a watan Agusta. Uwargida kuma tana shiga kicin za ta nufa ta murɗa famfo, in ba ruwa ta kalli mijinta ba ta ce komai ba, ta shiga banɗaki ta ja numfashi, ta ɗaga kai ta ga tabon ruwa a silin, ta sa yatsa ta danna ƙasan bango fenti ya zubo. A minti biyar sun gama yanke hukunci, duk bayanin da dillali ke zubawa a bayansu ba ji suke ba. Ba wanda zai ƙi sayen gida dan babu intalok. Amma yoyo da rashin ruwa da warin sokawe suna korar mutum, ko su ba shi hujjar zabge maka miliyoyi.

To amma duk wannan ma ba shi ne babban abin da ke danne farashin gidanka ba. Takarda ce, kuma abin ya ban mamaki da duk dillalan biyu ba wanda ya tsaya a kanta. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa da shaidu tana da amfaninta, da ita aka sayi gidaje da yawa a bayan gari, amma ba ita ce shaidar mallaka ta gwamnati ba. Tun dokar amfani da ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da mutum ke samu izinin zama ne, shi ne C of O ɗin nan da ake bayarwa galibi na shekara 99 ga gidan zama, kuma ko mai ita in zai sayar doka tace sai da amincewar gwamna a canza suna. Da mutane basu cika damuwa ba. Amma tun rusau ɗin da aka yi a Kano a tsakiyar 2023, ga kuma aikin sabunta takardun filaye da gwamnatin jiha ta ɓullo da shi a ƙarshen 2024, mai kuɗi yanzu tambayarsa ta farko wace takarda gare shi. Wanda zai ajiye miliyan 50 yawanci da lauyansa yake zuwa. Wanda kuma zai saya ta hanyar banki, ko Jaiz ne ko bankin bada lamunin gidaje na tarayya, ba za su kalli gidan da babu takardar gwamnati ba. Kaga tun kafin a fara ciniki an cire maka masu sayen da suka fi biya da tsoka, an bar ka da masu neman na bagas. Ko da zinare ka shafe silin ɗin wannan bai canza ba.

Dan haka in akwai inda kuɗinka na farko ya kamata ya shiga, nan ne. Ka shirya da kanka ka je ma'aikatar ƙasa da ofishin KANGIS, wato hukumar da ke adana bayanan filaye ta jihar Kano, ka tafi da kwafin takardarka, ka nemi sanin matsayin filin: yana cikin shimfiɗar gwamnati ne ko awon igiya ne, bai hau hanya ba, bai shiga ƙarƙashin babbar wayar wuta ko hanyar ruwa ba, ba wani mai takarda a kansa, sannan me ake bukata a daidaita shi ya samu takarda. Ka tambayi batun izinin gini na KNUPDA ma, wato hukumar tsara birane ta jihar Kano, in baka yi ba lokacin da ka gina. Ka shiga ciki ka yi magana da ma'aikaci a teburinsa, duk kuɗin da za ka biya ya zama da rasit na gwamnati, masu tare mutane a bakin ƙofa suna cewa kawo in fito maka da ita a sati biyu ka gaishe su ka wuce. Abin yana cin lokaci, watanni ne ba kwanaki ba, ban ɓoye maka ba. Amma ko bata fito ba, gidan da ke da lambar fayil da taswirar safiyo da rasitai a hannu ba ɗaya yake da wanda ba a taɓa kai maganarsa ofis ba, kuma kai kanka ka san abin da kake sayarwa.

Wani abu da ke da alaƙa da wannan, wanda ya sayar maka da filin yana raye? Shaidun fa? In yana nan ka neme shi tun yanzu ku gaisa, in ya rasu ka san magadansa kuma ka tabbatar ba wanda ke da wata magana. Rigimar da ke tasowa ranar da aka ji an yi cinikin miliyoyi, wani ɗan'uwa ya fito yace ai gonar kakanmu ce ba a raba ba, ta fi kowane tsagewar bango karya farashi.

Sai gyaran da ya zama dole. Yoyon nan a gyara shi, ba dan farashi ya tashi ba, dan kar ya faɗi. Ka sa kafinta ya hau ya duba, sau da yawa ƙusoshi ne suka saki ko kwano ɗaya biyu suka yi tsatsa, ko kwarin da rufi biyu suka haɗu ya cika da ƙasa da leda ruwa na komawa ciki. Aikin kwana ɗaya ne ko biyu. A canza silin ɗin da ya yi tabo. Kuma ka lura da wannan: dillalinka yace a yi POP amma bai ce a gyara rufi ba, POP kuwa a ƙarƙashin kwano mai yoyo damina ɗaya ta ishe shi ya yi taswira ya fara zubowa.

Bangon da ke jan ruwa shi ya fi bukatar natsuwa. Kar ka bari mai fenti yace zai rufe maka shi, wata biyu uku zai kumbura ya fashe. A nemo daga ina ruwan yake. Ka zagaya bayan gidan ka gani, kwata ce ke kwance a jikin bangon, ko sokawen maƙoci ne, ko bututun banɗakinku ne ya fashe a cikin gini, ko kuma tun farko ba a sa leda a fandisho ba ƙasa ce ke turo danshi. In kwata ce ko bututu abin da sauƙi, a gyara, a yi daɓen siminti a gindin bangon ruwa ya daina kwanciya, a kankare filastar da ta ruɓe har sama da inda danshin ya tsaya, a bar shi ya sha iska ya bushe sosai, a sake filasta da maganin hana shan ruwa. In kuma daga fandisho ne, ka yi iya abin da za ka iya ka faɗa wa mai saye gaskiya. Wannan ba wai kirki ne kawai ba, hukunci ne. Hadisin nan da Annabi (SAW) ya sa hannu cikin tarin abinci ya ji jiƙaƙƙe a ƙasa an rufe da busasshe a sama yace wanda ya yi algus baya cikinmu, kowa ya san shi, kuma a fiƙihu mai saye yana da haƙƙin dawo da kaya in ya gano aibin da aka ɓoye masa. Ka ci kuɗin ka sayi wani gida ka zuba sauran a kasuwa sannan a kira ka kotu a ce ka dawo da su, ina za ka samo?

Ruwa kuma, a Kano yanzu gida mai bohol da marar bohol ba farashinsu ɗaya ba, kowa ya gaji da jiran 'yan garuwa. In akwai babban aiki ɗaya da nake ganin zai iya dawo da kuɗinsa to shi ne. Amma shi ma ba da ka ake shiga ba, ƙasar Kano yawancinta dutse ne a ƙarƙashi, wani ya haƙa ya samu ruwa kamar kogi na bayansa ya haƙa ya tashi da ƙura. Ka tambayi maƙwabtan da suka yi, mita nawa suka je, yana ɗaukewa da rani ko baya ɗaukewa, a kawo masu na'urar binciken ruwa su auna kafin mota ta shigo, in ma za ta iya shiga lungun. Ka haɗa kuɗin haƙa da famfo da tanki da abin da zai tada shi, sannan ka tambayi dillalan nan kowanne daban nawa bohol ke ƙarawa a layinku. In bambancin bai fi kuɗin aikin a fili ba, ka bar wa mai saye.

Sauran duk ƙananan abubuwa ne da ba sai an sayar da ko ɗan kunne ba. In akwai bashin wuta a biya, dan mai saye zai tambaya, in da hali a sa mita mai kati. A kwashe sokawe. Famfon da ke ɗiga, makunnin da ya ƙone, ƙofar da sai an ɗaga ta take rufuwa, gilashin taga da aka toshe da kwali, a gyara. Get ɗin in ba ruɓewa ya yi ba mai walda ya daidaita shi a shafa masa fenti, ba sai sabo ba. Tarkacen tsakar gida, tsohon firji da buhunan da aka ce za a yi amfani da su wata rana da kejin kajin da babu kaji, a fitar, fili ya bayyana. Sai fenti na ƙarshe bayan an gama komai kuma bango ya bushe, kala mai haske mara hayaniya, ciki da fuskar gidan. Ma'aikatan kuma kai za ka nemo, ka sa mutum biyu uku su yi maka kiyasi, ka sayi kayan da kanka.

POP da sabon tayil da intalok, ni dai a ra'ayina ka manta da su. Ko a lissafin miliyan 6 ɗin ma ina da shakka. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 naira ta faɗi, kayan gini basu zauna wuri ɗaya ba, a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira dubu 10 muna kallo. Aikin da aka ce maka 6 in aka ɓamɓare tayil aka ga daɓen ƙasa ya lalace, aka buɗe silin aka ga wayarin ya tsufa, sai ka ji ana maganar 9, kuma a lokacin ba ka da damar tsayawa, dan gidan da aka fara fasawa aka bari ya fi wanda ba a taɓa ba faɗuwa a kasuwa. Ku kuma a ina za ku zauna ana wannan aikin?

In ka zo sa gidan a kasuwa, ka zaɓi dillali ɗaya ko biyu da ka natsu da su, ku zauna gaban shaidu a rubuta: la'ada nawa, wa zai biya, kai ko mai saye ko kowa nasa, kuma wa'adin wata nawa ka ba shi. Kar ka watsa gidan a hannun mutum goma. Abin da ke faruwa shi ne kowa ya ɗora nasa, kai ka ce 40, wani na tallansa a 43 wani a 47, mai saye ya ji farashi uku a gida ɗaya ya tsorata ya gudu, hotunan gidanka har da ɗakin Hajiya suna yawo a status, bayan wata shida a fara cewa ai gidan nan ya daɗe a kasuwa akwai matsala. Ka sa sharaɗi tun farko cewa ranar sallamawa kai da mai saye za ku zauna ido da ido ya ji farashi daga bakinka. Dillalin da ya ƙi wannan akwai abin da ya ɗora. Kwafin takarda kawai za ka bayar, ta asali tana wajenka har sai kuɗi sun shiga, shigar ma ba alat na waya ba, ka je banki ka tabbatar. Ka samu lauya ya rubuta yarjejeniyar, mai unguwa da shaidu su sa hannu kamar yadda aka saba. Kuma in wani dillali yace zai kawo mutanensa su riƙa tayin ƙarya dan a zuga mai saye ya ƙara, kace masa a'a, wannan shi ne najashi da aka hana.

Gwal ɗin Hajiya. Allah ya saka mata da alheri, ba kowace mace ke yin wannan tayin ba. Amma dukiyarta ce, kuma ga yawancin matanmu gwal shi ne asusunsu na ranar da ba a fata. In bayan duk binciken nan ka ga lallai akwai aikin da zai biya, misali takarda ko bohol, kuma ba wata hanya, to a ɗauki iya abin da ake bukata a matsayin bashi, a rubuta, kuma a rubuta shi da giram ba da naira ba. In ta sayar da giram 30 yau ka mayar mata da kuɗin bayan shekara, wataƙila abin da za su saya mata bai kai haka ba, ka cuce ta ba da niyya ba. Ko kuma ku yi yarjejeniya tana da kaso a sabon gidan, 'ya'yanku manya su sani.

Sannan tun yanzu ka fara neman ƙaramin gidan da za ka koma, kar ka jira sai an sallama wannan. Hauhawar farashi a ƙasar nan ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024, kuɗi a asusu narkewa suke, ga 'yan'uwa da za su ji labari kowa ya taso da lalurarsa, ga masu kawo maka harkar da za ta ninka a wata uku. Mutane da yawa sun sayar da gida da niyyar sayen ƙarami sun ƙare a haya. Ka san unguwar da kake so, ka san farashinta, in so samu ne cinikin biyu su zo kusa da juna. Ka nemi mai saye ya baka wata biyu ko uku na tashi, a sa shi cikin takardar, kar a bar shi a fatar baki. Kuɗin jarin kuma sai abin da ya rage bayan ka karɓi mukullin sabon gidan ka biya la'ada da lauya da kuɗin kwasar kaya.

Allah ya kawo mai saye na alheri, a gaida Hajiya.